Gishirin Albarushi Ya Ƙi Narkewa

Abin ya faru ran Litinin da hantsi, tsakiyar damina, a makarantar sakandaren garinmu, nan tsakanin Isa da Sabon Birni. Kuma ba kowa yaj jawo shi ba sai bakin Malam Talha da kanshi.

Malam Talha shi ke koya ma yara kimiyya. Baƙo ne, daga wajen Ƙaura anka turo shi, shekara uku ke nan, ba shi da dangi garin ko na rantsuwa. Ranar ya raba 'yan ajin ƙarshe kashi biyar za su gwada wani farin gishiri da anka aiko ma makaranta saboda jarrabawa. Irin gishirin nan ne da ake haɗa albarushi da shi. Halinshi kuwa, in ruwa ya yi zafi sai ya cinye shi da yawa, ba kamar gishirin miya ba, wanda ko ka tafasa ruwan har ya gaji, abin da zai ci shi zai ci.

Malam ya auna, yara sunka zuba cikin kofunan gilashi, sunka ɗora bisa risho, sunka yi ta motsawa. Gishiri yak kwanta ƙasan kofi yaƙ ƙi tashi. Anka ƙara wuta. Yaƙ ƙi. Ba kashi ɗaya ba, ba biyu ba, duka biyar ɗin.

Malam yab bi kofunan ɗaya bayan ɗaya, fuskarshi tac canza, yac ce da ƙarfi gaban yara talatin, "Innalillahi! Wanga ba tsantsa ba ne. An ɗiba, an cika da gishirin miya."

To kun ji. A garin da 'yan bindiga sunka tashi ƙauyuka bakwai na kewayenshi, har mutanen ƙauyukan na zaune cikin azuzuwan makarantar da ɗiyansu da tukwanensu, mutum ya buɗe baki ya ce an ɗebi gishirin albarushi! Kafin azahar magana ta kai kasuwa, ta kai mahauta, ta kai kunnen Ɗanmusa, shugaban 'yan sa-kai.

Ɗanmusa yaz zo da mutum takwas. Yad dubi kwaɗon ɗakin gwaji, lafiya lau.

"Malam, mabuɗi nawa ne?"

"Ɗaya."

"Hannun wa?"

"Hannuna," in ji Malam Talha. Sai lokacin yaj ji abin da bakinshi yay yi mishi.

Ɗanmusa yaɗ ɗebi gishirin da yatsa biyu yaw watsa bisa garwashi, wuta tay yi fau. Yac ce, "Rabi ya rage. Rabi na daji, hannun waɗanda sunka kashe mana mutane."

Sunka ja shi zuwa tsohon shagon taki inda suke zama. Mai gari yab bi su yana roƙo har rawaninshi na kwancewa. Abin da yas samu kawai shi ne jinkiri. Ɗanmusa yac ce, "Gobe in an yi la'asar za mu raka shi rafi." Duk garin an san wanda sunka raka rafi ba ya dawowa da ƙafarshi.

*

Da safiyar Talata mai gari ya aika anka kira Na'Allah.

Na'Allah tsoho ne busasshe, mai bin sawu. Shekara arba'in yana bin shanun sata har cikin Nijar. Ko sunanshi bai iya rubutawa, amma in yad dubi ƙasa sai ya gaya maka saniyar na da ciki ko juya ce. Yac ce ma mai gari, "Ranka ya daɗe, ni sawun dabba nis sani, ban san na gishiri ba. Amma za ni duba."

Ya iske Malam Talha zaune ƙasa cikin shagon, jingine da bango. Hannunshi na dama ya kumbura kamar gwanda, yatsu biyu sun karkace. Na'Allah yat tsuguna, yad dubi hannun da kyau, don bai zaci har an kai nan ba.

"Malam, ka ɗiba?"

"Wallahi Baba ban ɗiba ba."

"To bar rantsuwa, ɓarayi ma sun iya ta. Ni in saniya ta ɓace, tambayata ta farko ita ce hanya nawa ke fita daga rugar. Aikin nan naka, ta hanya nawa yake ɓacewa?"

Malam yaɗ ɗaga kai. Malami ne, ko bakin kabari ka yi mishi tambaya sai ya ba ka darasi. Yac ce sikeli na iya yin ƙarya, a zuba gishiri ya fi ƙima. Tsinken gilashin da ke nuna zafi na iya lalacewa, ka ɗauka ruwa ya yi zafi alhali da sauranshi. In an bar kofi buɗe bisa wuta, ruwan na tashi ya ragu, kuma ruwa kaɗan ba ya cin gishiri da yawa. Akwai yaro malalaci da ba ya motsawa, akwai kofin da ba a wanke ba.

"Amma Baba, irin wannan kashi ɗaya yake samu, ko biyu. Biyar fa! Shi yas sa nic ce gishirin ne."

"Ka bi su ɗaya-ɗaya kafin ka yi magana?"

Malam yas sunkuyar da kai. "Ban bi ba."

"Uhm. Ruwan fa?"

"Ruwa babu zance. Tatacce ne, babu komai cikinshi, ni da kaina nis sayo shi Sakkwato, jarka guda."

Wani saurayi da ke tsaron ƙofa, ya naɗe wuya da ƙyalle cikin zafin nan, yal leƙo yac ce, "Baba, lokaci fa na tahiya." Kamalu ne, mai shagon cajin waya, ɗan ƙanwar Ɗanmusa.

"Na gani, ɗana. Rana bisa kaina take, ba bisa naka kaɗai ba."

*

Shugaban makaranta, Malam Lawwali, shi yak kai shi ɗakin gwaji, wanda ke buɗe tun jiya da anka ja Malam Talha. Na'Allah yas sa shi ya bi hanyoyin da Malam Talha yal lissafa. Anka ɗora ƙarfen awo bisa sikeli, sikeli yaf faɗi gaskiya. Anka tafasa ruwan shayi anka tsoma tsinkayen gilashin biyar, duka sunka hau wuri ɗaya. Kofunan kuwa, ruwan cikinsu bai ragu da komai ba daga zanen da anka cika su.

Malam Lawwali yam matso kusa da kunnenshi. "Baba, kada ka ce ni nif faɗa. Watan jiya Ɗanmusa da kanshi ya zo ya nemi a ba shi gishirin nan. Malam Talha yah hana shi gaban mutane."

Na'Allah yar riƙe maganar. Yaz zagaya bayan ɗakin, inda ba a cika bi ba. Taga ɗaya ce, kuma ƙarfenta na tsakiya yana motsi, in ka ɗaga shi sai ya fita, mutum ya wuce. Ƙarƙashin indararo laka ta bushe da sawu a kanta, na takalmin roba irin wanda kowane saurayi ke sawa. Sawun ya kwana huɗu, ran Juma'a ke nan. Ba na Ɗanmusa ba ne, don shi harsashi ya taɓa samunshi a gwiwa, ƙafar hagu jan ta yake.

Tsohon yad duƙa, yas sa yatsa cikin ramin diddige. Yas sake sawa cikin na komawa. Sai yat tashi zaune bisa dugadugai yana kallon bango.

"Mi kag gani, Baba?"

"Abin da ban taɓa gani ba. Ɓarawo sakayau yake shiga, ya fito da nauyi. Wanga ya shiga da nauyi, ya fito da nauyi."

"To ai shi ke nan! Ya shiga da gishirin miya, ya fito da namu."

"Gishirin naku duka nawa ne?"

"Bai wuce mudu ɗaya ba."

"Mudu ɗaya ba ya nutsar da diddige haka. Wanga kusan rabin buhu yaɗ ɗauko, kuma bisa kafaɗar dama."

Sawun shigowa daga barandar 'yan gudun hijira yat taso. Malam Lawwali yat tafa hannu. "Na faɗa! Tun da anka zuba mana mutanen nan nic ce sai an ga abin da ba a so."

*

A barandar, Na'Allah ya iske mata na daka, maza sun tahi ƙwadago. Duk wadda yat tambaya sai ta ja mayafi ta ce ba ta ga komai ba, ran Juma'a maza na masallaci, su kuma suna ciki suna ɓoyon rana. Tsoro ya cika musu ido, don sun san in anka rasa mai laifi, kansu za a dawo.

Ɗaya ce ba ta ji tsoro ba, wata tsohuwa Habi, mutuniyar wani ƙauye gefen Kurawa, mai jikoki shida ba uba.

"Au, yau an tuna da mu? Tun Juma'a nake kuka an ɗauke min jarkata cike daga nan bakin ƙofa, ba wanda yac ce min sannu. An taɓa kayan boko, har an ɗauko mai bin sawu!"

"Haba Habi, rai ake magana, ke kina zancen jarka."

"Kowa da inda ranshi yake, Na'Allah. Wahalar kwana bakwai ce cikinta. Allah ya isa, wanda yaɗ ɗauka kada ya ga daidai."

Yaw wuce yab bar ta tana yi. Anka kira azahar. Yay yi salla, amma Allah na gani, rabin hankalinshi na ƙarƙashin indararo.

Bayan salla yac ce a kira mishi wanda yar raba ma yara kaya ranar gwajin. Anka kawo Surayya, shugabar ajin, idonta ja don kuka. Tac ce Malam ne ya auna gishiri, ita kuma tat tsiyayi ruwa daga jarka tar raba ma kashi biyar ɗin. Tana magana tana ɓoye hannu cikin hijabi.

"Ɗiyata, mi yas sami hannun?"

"Ba komai, Baba."

"Mu gani."

Tam miƙo. Fatar yatsunta uku ta saɓule, ta yi fari-fari tana ɓarewa.

"Wuta ce?"

"A'a. Ruwan ne yaz zubo min da nike tsiyaya. Yana da santsi, kamar an sa sabulu. Sai da dare yaf fara yi min zafi."

"Kin gaya ma Malam?"

"Ya ce mu yi sauri, kananzir ya kusa ƙarewa. Kuma ni na ɗauka haka ruwan Sakkwato yake."

Na'Allah bai ƙara tambaya ba. Yak koma ɗakin gwaji da sauri irin wanda ba a san shi da shi ba. Jarkar na nan kusurwa, rawaya, irin ta mai da ke kowane gida. Yab buɗe, yat tsoma yatsa, yam murza da babban yatsa. Santsi. Yaɗ ɗan taɓa ma harshe, yat tofar.

"La'ilaha illallahu," in ji shi. "Toka."

Malam Lawwali bai gane ba, shi ɗan birni ne. Amma duk wanda uwarshi tat taɓa dafa sabulun salo ya san ruwan toka. A ƙone karan gero, a zuba tokar cikin tukunya mai huda, a yi ta tsiyaya ana maida ruwan bisa sabuwar toka har ya yi ƙarfi, a tace shi ya kwanta garau. A ido ruwa ne. A hannu kuwa yana cin fata.

*

Yak koma shagon taki, yac ce ma masu tsaro su ba shi wuri. Yaf faɗa ma Malam Talha abin da yag gani.

Malam yac ce, "Toka... Baba, ruwan toka ya riga ya ƙoshi da gishiri ɗan'uwan wancan. Ƙosasshen ruwa ba ya cin wani gishiri sai kaɗan. Subhanallahi! Na ga ruwan ya ɗan yi ja-ja, nic ce tsufan kofuna ne."

"Bar wannan. Wa ke da buƙatar ruwanka a garin ga, har ya ɗaga ƙarfen taga dominshi?"

"Ba kowa. Ba a sha... " Sai yat tsaya. "Shi ne ruwan batir, Baba. Shi ake ƙara ma manyan batura na sola." Muryarshi tay yi ƙasa, idonshi yat tahi ga ƙofa. "Sau biyu ana roƙona shi."

"Rufe bakinka haka nan," in ji Na'Allah. "Jiya ya yi maka ɓarna, yau bar ni in yi magana."

*

Inuwa ta fara tsawo lokacin da anka taru filin makaranta. Mai gari bisa kujera, Ɗanmusa da mutanenshi da bindigogi, 'yan gudun hijira can gefe sun cure wuri ɗaya, sauran gari kuwa har bisa katanga. Anka kawo Malam Talha da igiya a ƙugu.

Na'Allah yas sa anka fito da risho biyu da kofi biyu da gishirin da jarkar. Yac ce ma Ɗanmusa, "Tura mutuminka ya ɗebo ruwan sama daga randar masallaci, kada a ce nawa ne." Anka ɗebo.

Hannun Malam ba ya aiki, sai Surayya ta auna, shi yana gaya mata. Gishiri ɗaya, awo ɗaya, wuta ɗaya. Kofin farko ruwan jarka, na biyu ruwan sama. Tay yi ta motsawa, fili tsit, sai kukan risho.

Gishirin kofin ruwan sama yaf fara raguwa, yar ragu, yaɓ ɓace. Taɗ ɗaga kofin sama kowa yag gani, garau har kana hango bishiya ta cikinshi. Na jarka kuwa yana nan kwance fari fat.

Salati yat tashi ko'ina. Wani mahauci yad dafe kai da hannu biyu.

"Ko ƙwaya ba a ɗiba ba," in ji Na'Allah. "Ba gishiri anka sata ba. Ruwa anka sata. Habi, zo ki dubi jarkar ga."

Habi tak kutso, taj juya jarkar, tan nuna inda taƙ ƙona alama da ƙusa a gindi. "Tawa ce! Ruwan tokata ne na sabulu. Amma wanga murfi ba nawa ba ne, tawa totuwar masara nit toshe ta da ita."

"Kun ji. Mutumin ya zo ran Juma'a kuna masallaci. Yana son ruwan Malam, ba ya son a ga gurbi. Yag ga jarka cike bakin ƙofar Habi, yaɗ ɗauka ruwan rijiya ne, yas saɓa ta bisa kafaɗar dama, yas shiga ta taga yam musanya ta da jarkar Malam. Totuwa kuwa ba ta riƙe ruwa in ana tahiya. Surayya ɗigo kaɗan yat taɓa ta, ku dubi yatsunta. Shi wanga ya yi taku arba'in tana tsiyaya mishi a wuya." Yaj juya sannu. "Kamalu, ɗana, zafi ake. Kwance ƙyallen nan ka sha iska."

Kamalu bai motsa ba. Ɗanmusa yad dube shi, yas sake duban shi, sannan yam miƙa hannu da kanshi yaf fizge ƙyallen. Daga ƙasan kunne har kafaɗa fata ta saɓule, ja wur.

Kamalu yaz zube ƙasa. "Kawu, baturana ne za su mutu. Na roƙe shi sau biyu. Na ɗauka ruwa ruwa ne, wallahi na ɗauka ruwa ruwa ne!"

Fili yar rikice. Masu cewa a raka Malam rafi jiya, su ne yau ke ihun a raka Kamalu. Ɗanmusa yaɗ ɗaga bindiga sama. "Ku tsaya! Ruwa ne fa kawai. Ana kashe mutum kan ruwa?"

"Da an yi la'asar da an kashe," in ji Na'Allah.

Daidai nan ladan yak kira salla.

Mai gari da hannunshi yak kwance igiyar. Malam Talha yat tako har gaban Kamalu, yana riƙe da kumburarren hannun da na hagu.

"Kamalu, jiya da ake taka min yatsu, kai ke riƙe da ƙofa."

"Malam, ban san toka ba ce..."

"Ba ruwan nike tambaya ba."

Kamalu yak kifa fuska cikin ƙasa. Malam yaj juya ga jama'a yac ce, "Kada wanda ya taɓa shi. Kuskuren farko nawa ne, na yanke hukunci ban bincika ba. Kun ga inda hakan ke kai mutum." Yac ciro mabuɗin ɗakin gwaji daga aljihu, ya aje bisa teburin kusa da kofunan, yaw wuce. Mai gari na kira, Malam Lawwali na kira, Surayya na kuka, bai tsaya ba.

Washegari da sassafe an ɗan yi yayyafi. Na'Allah ya fito za shi gona, yag ga sawu ya fito daga gidan malamai ya miƙe hanyar tasha, ɗauke da kaya a hannun hagu. Yab bi shi, ba don komai ba sai don ido ya saba. Mai barin gari in yaw waiwaya, diddigenshi kan murɗe ƙasa, ko sau ɗaya ne, ko bakin makaranta, ko ƙofar masallaci. Tsohon yad duba tun daga gidan har inda tayar mota tas share sawun. Bai samu ko ɗaya ba.